Matasanmu na mutuwa, ba mai tambayar me ya same su

Salamu alaikum 'yan uwa na Garwa, Marwa, Ngaundare da Kusseri.

Duk mai buɗe Facebook ko WhatsApp ya saba da irin sanarwar nan: hoton saurayi ɗan shekara 27 ko matar aure 'yar 24, a ƙasa an rubuta rasuwa bayan gajeriyar rashin lafiya, jana'iza bayan azahar. Allah ya jiƙansu ya kyautata namu zuwan. Amma akwai tambayar da muke jin nauyin yi a zaman makoki, kuma rashin yin ta na ci mana rayuka: me ya same shi?

Wasu na cewa mutuwar matasa ta ƙaru, wasu na cewa waya ce ta sa labari ke yawo. Ba mai raba gardamar nan, domin ba ma ƙirgawa. Yawancin rasuwarmu a gida take faruwa ko a hanyar asibiti. A yi wanka, a yi sutura, a kai makwanci cikin 'yan awoyi kamar yadda addini ya koyar, ba likitan da ya rubuta sanadi. Dokar 2011 ta Kamaru ta ba iyali kwana 90 su kai rahoton rasuwa a yanka takarda, amma ba a zuwa sai in akwai rabon gado ko kuɗin fansho. Inda ba a rubuta sanadi ba kuwa, zargi ne ke cike gurbin: jifa ne, kishiya ce, allurar rigakafi ce, ko a ɗora wa wata tsohuwar unguwa maita. A raba zumunci, abin da ya yi kisan yana nan cikin gidan yana jiran na gaba.

Ra'ayina shi ne, mafi yawan wannan mutuwa tana da suna, kuma da yawanta ana iya tare ta.

Mu fara da wadda ake rufa wa asiri, tramol. Likita kan rubuta miligiram 50 ko 100, kuma jimillar yini ba ta wuce 400. Wanda ake sayarwa a tebur ko wurin mai shayi yakan zo da 200, 225 har 250 a ƙwaya ɗaya. Ɗan moto ko lebura ya jefa biyu a kofi da safe, ya riga ya taka iyaka ko ya haura kafin ya fara aiki. Yana kisa ta hanya biyu. Ko ya tada farfaɗiya mutum na bisa babur, a ce haɗari ne. Ko ya danne numfashi, musamman in an haɗa da diazepam, maganin tari mai kodin ko giya. Wannan ta biyun ita ce mai ban tausayi: yaro ya shiga ɗaki, uwa na jin munsharinsa ta ce gajiya ce a bar shi ya huta, alhali numfashi ne ke ƙarewa. Baligi na numfashi sau 12 zuwa 20 a minti. In ka girgiza shi bai farka ba, numfashin ya yi ƙasa da goma, ƙwayar ido ta tsuke, leɓe ya sauya launi, to ka kwantar da shi a gefensa, kada ka ɗura masa madara ko manja don zai shaƙe su zuwa huhu, ka ɗauke shi zuwa asibiti da sauran ƙwayar a hannunka. A faɗa wa ma'aikata gaskiya. Akwai allurar naloxone da ke dawo da numfashi, amma in iyali suka ce zazzaɓi ne don kare mutunci, maganin zazzaɓi za a nema. Wanda ya kamu da shan kuma kada a tilasta masa yankewa rana ɗaya, a hankali ake ragewa a hannun likita.

Sai ciwon hanta nau'in B, wanda yankinmu na cikin inda ya fi yawa. Rigakafinsa ya shiga jerin alluran jarirai a Kamaru a 2005, ke nan yawancin waɗanda aka haifa kafin nan ba su samu ba. Mutum kan ɗauka tun wajen haihuwa ko yana yaro, daga uwa, ko askar wanzami ɗaya a kan yara goma, ko reza ɗaya a gida. Ya yi shekara ashirin ko talatin ba ciwon kai. Rana ɗaya ido ya yi rawaya, ciki ya kumbura, ko ya yi aman jini, cikin makonni a rasa shi. Gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna a rumbu na ɗauke da dafin aflatoxin, haɗuwarsa da wannan ƙwayar cuta na ninka haɗarin sankarar hanta. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ce shawara ce, a shiga ɗura jiƙe-jiƙe a hantar da ta riga ta gaji. Gwajin gano ƙwayar cutar, wato HBsAg, ɗigon jini ne daga yatsa, ba ya kai rabin awa. Wanda ba ya da ita ya karɓi allura uku: yau, bayan wata ɗaya, sai a wata na shida. Mai ita ya riƙa zuwa awo da hoton ciki duk wata shida, wanda ya cancanta a ɗora shi kan tenofovir, ƙwaya ɗaya kullum. Jariri kuma a yi masa allurar farko cikin awa 24 da haihuwa.

Iyayenmu mata, ga taku. Mai jego da ke haki in ta ɗan taka, ba ta iya kwanciya sai ta jingina da matashi biyu ko uku, tari ya dame ta da dare, ƙafa ta kumbura, wannan ba rashin wanka ba ne. Zuciya ce ta raunana, abin da kan faru daga watan ƙarshe na ciki zuwa kamar wata biyar bayan haihuwa, kuma likitocin Zariya sun rubuta yawansa a ƙasar Hausa tun shekarun 1970. Kanwa gishiri ce mai tara ruwa a jiki, ƙara mata kunun kanwa da ruwan zafi safe da yamma nauyi ne a kan zuciyar da ta kasa. Haka ciwon kai mai tsanani da ganin dishi-dishi a kwanakin farko na jego, gargaɗin jijjiga ne, a auna jininta a ranar.

Hawan jini ma ba na tsofaffi kaɗai ba ne. A zauna minti biyar a auna, in ya kai 140 bisa 90 a ranaku daban-daban, to akwai shi, ko da mutum na jin garau. In ka haɗa wannan da magungunan ciwon jiki irin diclofenac ko ibuprofen da masu aikin ƙarfi ke sha kullum, ga zafin Maris zuwa Mayu da ke haura digiri 40 ba a shan isasshen ruwa, ƙoda ce ke biya. Awon fitsari da awon jini na creatinine, mai auna aikin ƙoda, kan nuna matsalar tun kafin a kai ga wankin ƙoda.

Akwai masu ɗauke mutum cikin dare ɗaya. Janareto a zaure ko gawayi a ɗaki rufe lokacin hunturu na fitar da iska mai guba da ba ta da wari. In mutum biyu ko uku a ɗaki ɗaya suka tashi da ciwon kai, jiri da amai, a buɗe ƙofa a fitar da kowa kafin a zargi tuwon jiya. Sanƙarau a rani kan kashe cikin yini: zazzaɓi, ciwon kai, wuya ya sandare. Allurar da aka yi wa jama'a a 2011 nau'in A ta tare, sauran nau'o'in na nan. Manoman auduga masu feshi da rana tsaka ba safar hannu ba takunkumi, in aka ga zufa, dalalar miyau da tsukewar ido, a cire kayan, a wanke jiki da sabulu, a tafi asibiti da kwalbar maganin.

In mutum ya yanke jiki ya faɗi ba ya numfashi, ƙwaƙwalwa na fara lalacewa cikin minti huɗu zuwa shida. Yayyafa ruwa da fifita ba sa tada zuciya. A kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri, a ɗora hannu bisa hannu a tsakiyar ƙirji, a danna zurfin santimita biyar zuwa shida, sau 100 zuwa 120 a minti, ana karɓa-karɓa har a isa hannun ma'aikata.

Na san za a ce kwana ne ya ƙare. Haka ne, ba mai ja da ajali. Amma da Sayyidina Umar ya ji annoba ta ɓarke a Sham ya juya da jama'arsa, aka ce gudun ƙaddara yake, ya amsa cewa daga ƙaddarar Allah suke gudu zuwa ƙaddarar Allah. Neman sanadi bai saɓa wa tawakkali ba, kuma ba ya buƙatar a jinkirta jana'iza ko a taɓa gawa. Hukumar Lafiya ta Duniya na da tsarin tambayoyi da ake yi wa wanda ya yi jinya, daga amsoshin a gano sanadin da ya fi kusa.

Mu ma za mu iya kwatanta shi. Bayan sadakar bakwai, wani mai natsuwa a dangi ya zauna da wanda ya yi jinya ya rubuta: kwana nawa aka yi, me ya fara, akwai zazzaɓi, haki, kumburi, jijjiga ko rawayar ido, wane magani ya sha, in mace ce yaushe ta haihu. A adana katin asibiti da kwalayen magani, kada a ƙona su tare da tsummoki. A kai wa likita ya duba. In hanta ake zargi, a gwada matarsa, 'ya'yansa da waɗanda suke ciki ɗaya. In faɗuwa ya yi farat ɗaya bai kai arba'in ba, 'yan uwansa su yi awon jini da na bugun zuciya. Liman ko lawan na unguwa ya ajiye littafi guda: shekaru, mace ko namiji, rana, alamomi. In aka ga rasuwa biyu masu kama da juna a mako ɗaya, a sanar da shugaban cibiyar lafiya mafi kusa a ranar, a kuma je a yanka takardar rasuwar kafin wa'adi ya cika.