Waƙar kewar gida ba a ci-rani aka haife ta ba

Samarinmu na Maraɗi sun taso da ɗauko tsofaffin waƙoƙin kewar gida suna ɗora musu kiɗan zamani, ana ta turawa a WhatsApp, wai 'yan biɗa, wato 'yan ci-rani, ne suka ƙirƙiro su a Legas ko Abijan. Ni dai ban yarda ba.

Masu son tarihi kuma sukan kai zancen can baya. Su ce ai garin nan kansa da kewa aka kafa shi: Katsina ta faɗa hannun masu jihadi a 1807, gidan sarautar ya yo arewa, sarkinsu Ɗan Kasawa ya zauna Maraɗi, shi ya sa har gobe ake cewa Sarkin Katsinan Maraɗi. Duk gaskiya ne. Amma ku saurari makaɗan fada da kunnen basira. Kirari ne da zuga da alwashin komawa da takobi. Basarake ba ya tsayawa gaban jama'a ya ce yana begen gida.

A ganina mace ce ta fara faɗi. A ɗauko yarinya daga Madarunfa a kai ta wani ƙauye bayan Dakoro, ba waya, ba mota, ganin gida sai in haihuwar fari ta zo. Kunya ta hana ta buɗe baki gaban uwar miji. To da asuba in ta durƙusa gaban dutsen niƙa, hannu biyu kan ɗan dutse, tana turawa tana jawowa, gari na zuba a faifai, a nan take kiran innarta, da rijiyar garinsu, da ƙanen da ta baro yana rarrafe. Ku lura baitocin gajeru ne, daidai numfashin mai niƙa. In kishiya ta tsargu, a ce ai waƙa ce. Maƙwabciya ta jiyo ta bayan danga, ta cire sunan garin ta sa nata.

Ɗan ci-ranin da ke rerawa a Legas, a bayan uwarsa ya fara jinta.

Yanzu injin niƙa ya shiga kowace unguwa, kuma Allah ya sani ba na yi wa matanmu fatan komawa waccan wahala. Abin da ke ƙona mini rai shi ne yaro ya kwashi baitin kakarsa ya rubuta sunansa a bidiyo, shi ne mai waƙa. Malam, rera abinka, ba mai hana ka. Amma ka je wurin tsohuwar tun tana da rai, ka tambaye ta wa ta ji yana yi, kuma daga wane gari aka auro ta.