Kawu Ya Je Ganin Teku

Jirgin ƙasan Kano zuwa Legas, bayan an farfaɗo da shi a Disambar 2012, a wancan lokacin sau ɗaya yake gangarawa kudu a mako. Litinin da safe ya bar Kano, ya tsaya a tashar Sabon Gari nan Zariya ya kwashi mutane, sai kuma Juma'a ya juyo daga tashar Iddo ta Legas. Daga Zariya tafiyar ta kusa kilomita 1,000, a kan tsohon dogo, kuma layin ɗaya ne tal. In wani jirgi na tahowa, dole naku ya raɓe a tasha har ya wuce, ko da shi wancan bai ma baro inda yake ba. Shi ya sa ba a tambayar ƙarfe nawa za a isa. Ranar ake tambaya.

Kawuna na cikin birni, dattijon da bai taɓa ganin ruwan da ya fi Galma ba, ya kafe sai ya ga teku, kuma ni da nake bin motar tumatir zuwa kasuwar Mile 12 ta Legas ni ne zan kai shi.

Guzurin jirgi abin da ba ya lalacewa ne: dambun nama, ƙuli-ƙuli, dabino, garin kwaki da sukari, jarkar ruwa, buta, tocila, da mayafi saboda sanyin asuba. Abin da ba a ɗauka shi ne damammiyar fura. Inna matar Kawu kuwa ta dama jarka guda, ta sa leda ta murɗe murfin tam. Nono a zafin tarago ba ya daina tsami, iska na taruwa, jarka na kumbura. Irin wannan a hankali ake sassauta murfin, a bar iskar ta fice da kaɗan-kaɗan. Kawu ya jira har muka kusa Minna, ya ɗora jarkar a cinya, ya yi bisimilla ya murɗe gaba ɗaya.

Wanda ke zaune gabanmu wani Bakano ne ɗan kasuwa, tun daga Sabon Gari yake tsokanar Kawu da wasan Kanawa da Zagezagi. Shi furar ta samu, daga hula har aljihun gaba. Ya share gemu, ya lashi yatsa, ya ce, "Baba, ku Zagezagi har furarku cika baki gare ta."

Da gari ya waye muka hau gadar Jebba, Kwara na shimfiɗe a ƙasa. Kawu ya miƙe ya fara naɗe sallaya. Na ce, "Kawu, kogi ne, da saura." A tashar ana sayar da kifi ta taga, kuma ƙa'idar sayayya ta taga ita ce ka riƙe canji daidai, kaya su shigo hannunka kafin kuɗi su fita, don jirgi ba ya sallama in zai tashi. Ilori, Offa, Oshogbo, Badun, Abekuta, duk Kawu ya wuce su yana gyangyaɗi, muka shiga Iddo cikin dare.

Masauki a Legas tambaya huɗu ake yi kafin a ba da kuɗi: ƙarfe nawa ake tayar da janareta kuma ƙarfe nawa ake kashewa, famfo na zubo da ruwa ko bokiti za a kawo, ina tagar ɗakin take kallo, sannan kuɗin nan na kwana ne ko na awa. Na bar Kawu a gaban kanta a wani ƙaramin otal wajen Oyingbo, na fita neman burodi. Ina dawowa na tarar ya karɓi makulli yana murmushi. Ya ce, "Kai yaro, ku ba ku iya ciniki ba. Kashi uku na raba kuɗin, na ba shi ɗaya, ya karɓa har da godiya."

Awa biyu cif aka ƙwanƙwasa ƙofa. Yaron otal ne, da sabon zanen gado a kafaɗa, yana nuna agogo. Sai da na ja Kawu gefe na yi masa bayanin irin baƙin da ke kama ɗaki na awa biyu. Ya yi a'uziyya ta fi a ƙirga, ya ƙi komawa kan gadon, ya shimfiɗa sallayarsa a ƙasa. Muka cika kuɗin kwana, ba ragin ko sisi, don mai ciniki ƙarfe ɗayan dare ba shi da bakin magana. Tagar kuwa janareta take kallo.

Da safe muka hau danfo, motocin nan masu ruwan ɗorawa, muka bi gadar Carter zuwa tsibiri. Kawu ya leƙa ya ga ruwa hagu da dama, ya ɗaga hannu zai fara addu'a. Na ce wannan ma ba ita ba ce, tafkin Legas ne, teku na can kudu bayan gine-gine. Ya ce ni dai tun jiya nake hana shi teku.

A danfo ana shiga ne da canji. In ba ka da shi, yaron mota zai haɗa ka da wani fasinja, ya miƙa muku takarda ɗaya ku je ku raba. Kawu ya ba da babbar takarda, aka haɗa shi da wata mata mai kwandon busasshen kifi. Muna sauka a Idumota ta cusa kuɗin a ɗankwali ta kutsa kasuwa, Kawu na biye da babbar riga yana "Baiwar Allah! Baiwar Allah!", ni ina biye da Kawu. Ba gudu take ba, wajen mai canji ta nufa, tafiyar mutanen Ikko ce haka. Ta ba shi nasa cif, ta ƙara masa da faɗa cikin Yarbanci.

Muka yi azahar a babban masallacin Legas, muka wuce gidan tarihi na Onikan, inda aka ajiye baƙar Marsandin da aka harbe Janar Murtala a cikinta ranar 13 ga Fabrairu, 1976. Ramukan harsashi na nan. Nan ne kaɗai Kawu ya yi shiru a duk tafiyar.

Sai abinci. A buka ba a cewa a zuba na kaza. Malmala ake ƙirgawa, nama ma ƙirga shi ake, yanka-yanka, kowane da kuɗinsa. Kai za ka ce malmala biyu, nama biyu, ka rufe baki. Amala garin busasshiyar doya ce, shi ya sa take da duhu, ana haɗa ta da miyar lalo da ta wake da jar miya a kwano ɗaya. Kawu ya dubi tasa ya ce tuwon ya ƙone. Mai abincin ta ɗago ganda da ludayi ta dube shi, ya ce, "Madalla." Ta sa. Ta ɗago tumbi. "Allah ya yi albarka." Ta sa. Ta ɗago ƙafar saniya. Ina can wajen wanke hannu, kafin in juyo kwanon ya yi tozo, Kawu na cewa ashe Yarbawa akwai karamci. Da lissafi ya zo, nama tara aka ƙirga. Ya ce ai shi bai tambaya ba. Ta ce ai bai hana ba. Attaruhun kuma ya sa shi cire hula a bainar jama'a, abin da ko a gida ba ya yi.

Shi Kawu bakin tekun Bar Beach ya sani, tun labarin 'yan ci-rani na da. Wurin kuwa an cike shi da yashi ana gina sabuwar unguwar Eko Atlantic a kai. Don haka washegari muka nufi Tarkwa Bay, wadda sai ta ruwa ake zuwa, tafiyar kamar minti 20 a kwalekwale mai inji. A zauna baya ko tsakiya, don goshin ne ke dukan ruwa, musamman in babban jirgi mai shiga Apapa ya wuce ya bar igiya. A sa rigar kariya a ɗaure igiyoyinta, a kuma tambayi lokacin kwalekwalen ƙarshe, don ba a son dawowa da duhu. Kawu ya zaɓi gaba, wai babba ba ya zama a baya. Rigar kariya a kan babbar riga ba ta ɗauruwa, sai da aka naɗe hannayen rigar aka tura ciki. Kowace igiya sai ta ɗaga shi ta dire a kan katako, shi kuma kowace direwa da salatinta.

Muna sauka ya tsaya ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Ina ɗaya gaɓar?" Na ce babu. Ya ce to wannan ita ce.

Ruwan Tarkwa Bay ya fi na sauran bakin tekun Legas lafawa, saboda katangar duwatsun da aka jera a mashigar tashar jiragen ruwa tana karya igiya. Duk da haka teku na cika tana janyewa sau biyu a yini, wajen awa shida-shida. Kaya ana ajiye su ne can sama da layin da yashi ya jiƙe, inda tarkace suka taru. Kuma in igiya za ta koma, yashin ƙarƙashin ƙafa take kwashewa, shi ke kayar da mutum. Kawu ya ce alwala da ruwan teku ta halatta, kuma gaskiyarsa ne. Ya tuɓe takalmansa na fata, ɗinkin sallah, ya jera su a jiƙaƙƙen yashi, ya tsuguna. Kurkurar baki ta farko ya furzar yana tari. Igiya ta zo ta zaunar da shi, ta koma da takalmin dama.

Muka koma inuwa ya zauna a kujera yana bushewa. Wani saurayi ya zo ya ce kujera kuɗi, rumfa kuɗi. Kawu ya dube ni ya ce, "Tambaye shi, na kwana ne ko na awa?"

Silifas na roba muka saya masa a Obalende, shuɗi, da su ya hau jirgin Juma'a. Takalmin hagun kuma ya ƙi yarwa. Yana nan a zaurensa, duk wanda ya zo gaisuwa sai an nuna masa, kuma a labarin da ake bayarwa yanzu a majalisar Ƙofar Doka, kifi ne ya fizge ɗayan daga ƙafarsa bayan sun daɗe suna kokawa. In aka waiwayo ni neman shaida, sai in ce lokacin na je biyan kuɗin kujera.