Bindigar da ke ƙugun ɗan sanda: wa ya duba kubenta?

A ƙarshen watan Agustan 2019 aka harbe 'yan sanda biyu masu kula da zirga-zirgar motoci a Buduburam, kusa da Kasoa a ƙasar Ghana. Ministan cikin gida na lokacin, Ambrose Dery, ya ba da umarni a riƙa ba masu aikin kan titi bindiga da rigar sulke. Ban ga mai hankalin da zai ƙi a kare ran jami'i ba. Sai dai duk lokacin da zancen ya taso, a kan bindigar ake tsayawa: guda nawa aka sayo, wa za a ba, yaushe za a raba. Kuben da za ta kwana a ciki, wanda shi ne tsakaninta da hannun ɓata-gari, ba ka jin mai tambayarsa.

Duk wanda ya san Circle, babbar mahaɗar tituna a Accra, da yamma, ko kasuwar Nima ranar Laraba, ya san yadda mutum ke tafiya kafaɗa da kafaɗa da wanda bai taɓa gani ba. Jami'i ya tsayar da trotro, wato ƙaramar bas ta haya, hannunsa ɗaya na riƙe da lasin direba, ɗayan yana nuna wa wata mota hanya, yaron mota na ɗaga murya, fasinjoji sun sauko, masu talla sun kewaye. Doguwar bindiga tana rataye a ƙirji inda ido ke kanta. Ƙaramar kuwa tana can bayan gwiwar hannu, gindinta a waje, inda mai ita ba ya gani. In kuben buɗaɗɗe ne, ko ɗan maɗauri mai mannewa kawai ke riƙe da ita, fizga ɗaya ta isa.

Wannan matsala ce ta haifi kube mai makulli. A Amurka an sha kashe 'yan sanda da bindigarsu ta kansu bayan an ƙwace ta a kokawa. Wani tsohon jami'in hukumar binciken laifuka ta Amurka (FBI), Bill Rogers, ya fara ƙera kuben da ke kulle bindiga a shekarun 1970, kamfanin Safariland kuma ya sayi kamfaninsa a 1985. Gwajin da suka kafa ba shi da wuyar ganewa: mutum ya kama gindin bindigar ya yi ta fizga ta kowace fuska har daƙiƙa 5, in ba ta fito ba, kuben kuma bai tsinke daga ɗamara ba, ya ci jarrabawar farko. Daga nan ake jin mataki na ɗaya, na biyu, na uku, gwargwadon yawan abin da hannu zai buɗe kafin bindiga ta fita. A kula, babu wata doka ta duniya da ta daidaita wannan ƙidaya. Kowane kamfani yana lissafa nasa yadda ya so, don haka lambar da aka buga a jikin kwali ba hujja ba ce.

Ina goyon bayan kube mai makulli ga duk jami'in da ke aiki cikin jama'a da bindiga a fili. Amma makullin da ke hana ɓarawo yana iya hana mai ita, yana kuma iya sa shi harbin kansa, kuma a nan ne ya kamata masu sayayya su buɗe ido.

Ɗauki samfurin Serpa na kamfanin Blackhawk, wanda ya yi tashe sosai har sojojin Amurka suka yi amfani da shi. Maɓallin buɗe shi yana gefen waje, kuma da manuniya ake danna shi, wato yatsan da ke jan kunamar bindiga. Cikin natsuwa komai lafiya: yatsa a miƙe, a danna, a zaro. To amma ranar tashin hankali mutum yakan fara jan bindigar kafin ya gama dannawa, sai makullin ya cije. Da ya ji ta ƙi fita sai ya lanƙwasa yatsa ya danna da ƙarfi, bindigar ta ɓalle, yatsan nan da ke cikin matsawa ya zarce kan kunama alhali bakin bindigar na kallon cinyarsa. Bindiga irin Glock ba ta da wani maɓallin tsaro na daban da ake buɗewa, kuma matsa kunama da ƙarfin kilo biyu da rabi ko kusa da haka ya isa ya tayar da harsashi. An samu waɗanda suka harbi ƙafarsu ta wannan hanya, har wasu makarantun koyar da harbi da wasu hukumomin tsaro a Amurka suka hana shiga da kuben Serpa filin atisaye. Masu kare shi na cewa laifin mai hannu ne da bai ƙware ba. Akwai gaskiya a ciki, amma ni ban gamsu ba. Kayan aikin da ke buƙatar mutum ya kasance cikin cikakkiyar natsuwa a daidai lokacin da ake neman ransa, ba na ɗan sandan titi ba ne. Samfuran da ake buɗewa da babban yatsa, irin ALS na Safariland, sun raba aikin biyu: yatsa ɗaya na buɗe makulli, ɗayan na can nesa da kunama.

Sai kuma ƙasar da muke ciki. Daga Disamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu ba ta barin ko cikin kunne, balle ramin maɓalli. A unguwannin Jamestown da Chorkor na bakin tekun Accra iskar teku na cin ƙarfe, kuma ƙaramin sifirin ne ke motsa yawancin makullan nan. Damina ta zo, taɓo. Ɗaya daga cikin koke-koken da aka daɗe ana yi da maɓallin gefe shi ne tsakuwa ƙwaya ɗaya ko yashi ya shige bayansa, ya ƙi dannuwa sam. Yaushe yashi ke shiga? Lokacin da aka kayar da jami'i ƙasa ana birgima, wato daidai lokacin da yake bukatar makaminsa.

Ga kuma na jabu da ke cika shagunan intanet, masu kama da na asali har da tambari, robarsu na tsagewa a inda take haɗe da ɗamara. Maharin ba ya ma bukatar buɗe makulli, sai ya tafi da bindiga da kuben gaba ɗaya. Araha ba ta ado. Haka nan kuben yadi da ake cewa yana ɗaukar kowace bindiga: bakinsa na rufewa da zarar an zaro ta, sai mutum ya koma yana buɗe shi da ɗaya hannun, bakin bindiga na bi ta kan yatsunsa.

Ina girmama dukawanmu na Zango, aikin hannunsu a kuben wuƙa da takobi ba shi da na biyu. Sai dai fatar da ta sha gumi da zafin Accra tana laushi, gefenta ya lanƙwashe ya leƙa inda kunama take, kuma in aka tura bindiga ciki fatar ce za ta yi harbin. Masu lasin riƙe bindiga a cikinmu, Alhazai da 'yan kasuwa masu yawo da kuɗi, su ƙara da lura da bakin riga da igiyar wando, domin duk abin da ya shiga kube tare da bindiga yana iya jan kunama. Mayar da ita kube ba abin gaggawa ba ne, a duba da ido tukuna. Wanda kuma yake jefa ta tsirara a aljihun jallabiya ko ƙarƙashin kujerar mota, wannan ma bai shigo layin da muke magana ba.

Za a ce kuɗi. Kube mai kyau yana da tsada, ga asibitoci da makarantu na jira. Na ji, amma kuɗinsa bai kai na bindigar da aka riga aka saya ba, kuma bindigar gwamnati guda ɗaya da ta faɗa hannun 'yan fashi ta fi shi tsada nesa ba kusa ba. Abin da ya fi kuɗin wuya shi ne horo. Hannu ne ke haddace makulli, ba kai ba, kuma ba ya haddacewa sai an maimaita zarowa da mayarwa da bindiga marar harsashi har ya zama jiki, a tsaye, a zaune cikin mota, a kwance a ƙasa, da hannun hagu in na dama ya ji rauni. In kurtu ya koyi samfuri ɗaya a makarantar horo ta Tesano, aka tura shi Tamale aka miƙa masa wani daban, an mayar da shi ɗan koyo ba tare da ya sani ba.

Saboda haka kwamitin majalisa mai kula da tsaro da harkokin cikin gida, duk ranar da aka kawo masa kasafin sayen ƙananan bindigogi, ya tambayi wane kube zai zo da su, da wane yatsa ake buɗe shi, an gwada shi cikin ƙura da ruwa a nan Ghana ko kuwa a takardar kamfani kawai aka karanta, kuma wa zai riƙa duba shi bayan an raba. Masu lasi kuma, tunda kowace shekara sai sun je sabuntawa wurin 'yan sanda, a ce su zo da kuben tare da bindigar, jami'in da ke duba lamba ya juya shi ya ga ko ya rufe kunama ruf.