Masu Son Fina-finan da Ba Magana Ba Ɓata Lokacinsu Suke Yi Ba

Kowace shekara a watan Oktoba, garin Pordenone da ke arewa maso gabashin Italiya yakan cika da baƙi daga ƙasashe daban-daban, waɗanda ba abin da ya kawo su sai zama na mako guda a gidan sinima suna kallon fina-finan da aka yi kusan shekara ɗari da suka wuce. Babu wanda ake jin muryarsa a cikin fina-finan nan, sai dai makaɗi ya zauna a gaban allo yana bin labarin da kiɗa, kamar yadda aka saba a zamanin da aka yi su. Tun 1982 ake wannan taro, kuma akwai makamancinsa a Bologna da San Francisco. Wanda bai san dawan garin ba zai ce masu hannu da shuni ne suka rasa abin yi. Ni kuwa ina ganin waɗannan mutane sun cancanci girmamawa, domin irinsu ne suka tsamo abin da ya rage na farkon tarihin fim daga hannun kamfanonin da suka yi shi suka kuma watsar da shi.

Girman asarar da aka tafka shi ne abin da ya kamata a fara dubawa. A 2013 Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya fitar da wani bincike a kan dogayen fina-finai marasa magana da aka yi a ƙasar daga 1912 zuwa 1929, waɗanda yawansu ya kusa dubu goma sha ɗaya. Binciken ya nuna cewa kimanin kashi 70 cikin ɗari sun salwanta baki ɗaya, kuma kashi 14 cikin ɗari ne kawai suka tsira cikakku a siffarsu ta asali. Wani ɓangare na laifin na sinadarin naitiret ne, wanda da shi ake yin zaren fim har zuwa farkon shekarun 1950. Yana ruɓewa idan ya daɗe, yana kama wuta cikin sauƙi, idan kuma ya kama ruwa ba ya kashe shi. Gobarar da ta tashi a rumbun kamfanin Fox a New Jersey a 1937 ta cinye mafi yawan fina-finansa na farko, wata kuma ta auka wa rumbun MGM a 1965. Amma wuta ba ita ce babbar mai laifi ba. Da magana ta shigo fim a 1927, masu kamfanoni sun ɗauki tsofaffin kayansu a matsayin tarkacen da ke cin wuri, har wasu suka riƙa narkar da zaren don su cire ɗan azurfar da ke jikinsa. Kamfanin Universal da hannunsa ya lalata mafi yawan fina-finansa marasa magana a 1948. A Faransa kuwa, Georges Méliès, wanda yana cikin waɗanda suka fara nuna wa duniya cewa kyamara tana iya yin siddabaru, ya talauce har ya koma sayar da kayan wasan yara a tashar jirgin ƙasa ta Montparnasse.

To, wa ya ceto abin da ya rage? Akasari mutane ne da son abin ya shiga jininsu. Henri Langlois, wanda yana cikin waɗanda suka kafa ma'adanar fina-finan Faransa a 1936, ya riƙa tara gwangwanayen fim lokacin da babu mai ganin darajarsu, ya kuma ɓoye da yawa daga cikinsu sa'ad da Jamusawa suka mamaye Paris. Fim ɗin Metropolis na Fritz Lang, wanda ya fito a 1927, an daddatse shi tun farkon fitowarsa, aka yi shekara tamanin ana zaton sassan da aka cire sun tafi ke nan. A 2008 aka gano kusan cikakken kwafinsa a wani gidan tarihin sinima da ke Buenos Aires a Ajantina, kuma asalinsa daga tarin wani mutum ne mai son fim da ya adana shi. Kimanin minti 25 aka mayar wa fim ɗin ta wannan hanya. Fim ɗin da Carl Dreyer ya yi a 1928 a kan shari'ar Joan of Arc, budurwar Faransa da aka yanke wa hukuncin ƙonawa, a wani asibitin masu taɓin hankali kusa da Oslo aka tsinci ingantaccen kwafinsa a 1981. A garin Dawson na arewacin Kanada, ma'aikatan gini ne suka tono naɗin fim fiye da 500 a 1978, an binne su a wani tsohon kwarmin wanka, sanyin ƙasa ya hana su ruɓewa. Sa'a ce ta bayyana wasu daga cikin waɗannan, amma da babu masu iya gane abin da aka tsinta, masu haƙurin gyara shi hoto bayan hoto, da juji zai koma.

Akwai wanda zai ce adanawa daban, jin daɗin kallo daban, kuma shi ya gwada kallon irin waɗannan fina-finai ya ga mutane suna gudu-gudu kamar an kora su, hoton kuma duk ya dushe. Wannan ƙorafi yana da tushe, sai dai ba haka masu kallo na farko suka gan su ba. Da hannu ake juya kyamara a lokacin, yawanci a gudun da bai kai na yanzu ba, shi ya sa idan aka kunna su a gudun hoto 24 a daƙiƙa, wanda ya zama ƙa'ida bayan zuwan magana, sai motsin ya zama na dariya. Da yawansu ma an rina su da launi, shuɗi don dare, rawaya don rana, ja don gobara. Wanda ya kalli kwafin da aka gyara zai ga wani abu daban.

Abin da zai gani shi ne gwanintar mutanen da ba su da magana da za su jingina da ita, don haka dole hoto ya ɗauki nauyin labarin. A fim ɗin Dreyer, kyamara tana manne da fuskar Renée Falconetti, wadda ta fito a matsayin Joan, ba tare da kwalliya ba, kana ganin hawaye ya taru a idonta kafin ya zubo, kana ganin leɓenta ya bushe, kuma ba ka bukatar a gaya maka cewa wannan mata tana tsoron mutuwa amma ta ƙi janye maganarta. A wani fim na Buster Keaton na 1928, gaban gida sukutum ya faɗo masa yana tsaye, ya tsira ne kawai saboda wurin da ya tsaya ya yi daidai da buɗaɗɗiyar tagar bene. Bango ne na gaske mai nauyi, babu kwamfuta, da ya goce kaɗan da ya hallaka, kuma ko ƙiftawa bai yi ba. Zuwan magana da farko baya ya mayar da wannan fasaha, domin an kulle kyamara a cikin akwati don kada ƙararta ta shiga, jarumai kuma suka daskare kusa da inda aka ɓoye makirfo. Wannan na cikin dalilan da suka sa Charlie Chaplin ya ci gaba da yin fim ba zance har 1936. Amma masu basira ba su daɗe ba suka gano amfanin sauti: a fim ɗin M na 1931, Fritz Lang ya sa wani makaho mai sayar da balambalam ya gane mai kisan yara ta hanyar fito da yake yi. A ganina duk mai ba da umarni da ya saba zaunar da jarumai biyu a falo su yi ta zance minti goma yana da abin koya a nan.

Akwai kuma wata suka da ta fi wannan nauyi, kuma ba na son a wuce ta da sauri. Fina-finan wancan zamani cike suke da wulaƙanta baƙar fata. Fim ɗin The Birth of a Nation na D. W. Griffith na 1915 ya ɗaukaka ƙungiyar Ku Klux Klan ta fararen fata masu ƙin baƙaƙe, ya kuma taimaka wajen farfaɗo da ita. The Jazz Singer, wanda ya buɗe ƙofar magana a 1927, jaruminsa Al Jolson ya shafa baƙi a fuska yana kwaikwayon baƙaƙe. Mu ma abin ya shafe mu kai tsaye, domin a 1926 Geoffrey Barkas ya fito da Palaver, wanda ya ɗauka a yankin tsaunukan Filato, ya nuna mutanen wurin a matsayin waɗanda ba su da mafita sai Bature. Mai son tsofaffin fina-finai da ya kau da kai daga wannan bai yi adalci ba. Duk da haka ɓacewarsu ba za ta amfane mu ba, domin su ne shaidar yadda aka ƙera ƙaryar, kuma a gefen hotonsu akwai fuskoki da tufafi da gidajen mutanen da ba wanda ya ɗauke su sai wannan kyamara. Sannan aikin adanawar nan shi ne ya dawo da martanin da baƙaƙe suka mayar: fim ɗin Within Our Gates na Oscar Micheaux na 1920, wanda ya nuna yadda ake rataye baƙaƙe a kudancin Amurka, an daɗe ana zaton ya ɓace kafin a sami kwafi guda a Sifen.

Darasin ba na Turai da Amurka kaɗai ba ne. Indiya, wadda fina-finanta suka raini masu kallo a Kano da Zinder, ba ta da ko kwafi ɗaya na Alam Ara, fim ɗinta na farko mai magana da ya fito a 1931. Namu kuwa ya fi kusa. Shaihu Umar da Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa ya yi shekaru ba a san inda yake ba, sai a 2016 aka gano zarensa a rumbun Hukumar Fina-finai ta Najeriya, aka gyara shi da taimakon wata cibiya a Jamus, aka nuna shi a bikin fina-finai na Berlin a 2018. Fina-finan Hausa na kaset da suka biyo bayan Turmin Danya na 1990, waɗanda suka cika shagunan Ƙofar Wambai, a kan zaren bidiyo suke, shi kuma zafi da ƙura da laima suna cin sa, injinan kunna shi ma suna ƙarewa. Ma'adanar fina-finai ta ƙasa da ke Jos da sassan koyar da fim na jami'o'inmu ya kamata su nemi furodusoshi da tsofaffin 'yan kasuwar kaset da ke riƙe da asalin kwafin, su mayar da su kan kwamfuta, su rubuta sunan kowane fim da shekararsa da waɗanda suka yi shi, tun masu iya ba da wannan bayani suna raye.