Kamfani ya karye, sai ma'aikaci ya tafi hannu rabbana?

Tun jiya maganar wani take cina a rai. Ana zancen ma'aikatan Debenhams, kamfanin manyan shagunan tufafi da kayan gida, reshen Ayiland, ya ce wai ai kamfani ya karye, ba kuɗi, to me suke so a yi musu. Haƙƙinsu suke so mana, me kuma!

Mutane kusan 1,000, shaguna 11, a watan Afrilun 2020 ana tsakiyar kullen korona aka turo musu imel cewa aiki ya ƙare. Imel fa. Mace ta yi shekara ashirin a tsaye bayan kanta, tana ninke kaya tana yi wa kwastoma murmushi ko da ƙafarta ta kumbura, a ce sallamarta saƙo ne a waya. Kuma akwai yarjejeniya da ƙungiyarsu ta Mandate, albashin mako 2 na doka a kan kowace shekarar aiki, kamfani ya ƙara mako 2 a kai. Da masu gwanjon kadarori suka shigo sai wannan ƙarin ya bi ruwa.

Kwana 406 suka yi suna tsare ƙofofin shaguna don kar a kwashe kaya, cikin sanyi da ruwan sama, har ƴan sanda suka riƙa ɗauke su da daddare. Ƙarshe me suka samu? Asusun horon sana'a na Yuro miliyan 3. Horo ba ya biyan kuɗin haya wallahi.

Ni abin da nake faɗa ɗaya ne, kuɗin sallamar ma'aikaci a fara cire shi kafin kowa ya taɓa sisi. Kafin banki, kafin lauyoyi, kafin su kansu masu gwanjon. Banki da ya ba da bashi ya karɓi jingina, ya ci ruwa shekara da shekaru, ya san kasadar da ya shiga. Ma'aikaci ƙarfinsa da ƙuruciyarsa ya bayar, wace jingina ya riƙe?

Masu cewa in aka yi haka bankuna za su ƙi ba da bashi, don Allah ku bar wannan zancen, a sa kamfani ya riƙa ware kuɗin sallama a asusu na daban tun yana da lafiya, shi kenan. Masu cewa ai gwamnati na biyan na doka, to da kuɗin wa? Kuɗin jama'a ne, masu kamfani sun kwashi riba sun bar wa talaka wanke kwanon. Haka aka yi wa ma'aikata 460 na babban shagon Clerys a Dublin a 2015, aka raba ginin mai tsada da kamfanin da ke biyan albashi, rana ɗaya aka garƙame musu ƙofa.

Abin da ya fi ba ni takaici ma, sunan Debenhams bai mutu ba. Boohoo, mai sayar da tufafi a intanet, ta saye shi fam miliyan 55 a 2021, ba shago ko ɗaya, ba ma'aikacin shago ko ɗaya, har yau ana saye da sayarwa da sunan a intanet. Ni dai duk sanda tallarsu ta faɗo min a waya sai in tuna matan nan da suka riƙa kwana a bakin ƙofa.