Kallon tsuntsaye ba rashin aikin yi ba ne

Malam mai rahoto, ka ce kallon tsuntsaye sai da kyamara mai tsada, gaskiya ban yarda ba. Ni da wayata kawai nake fita bayan asuba, sirrin shi ne kai shiru ka tsaya waje daya, rana tana bayanka, in ba haka ba hoton baki kirin zai fito wallahi, na sha yin asarar hotuna masu kyau saboda gaggawa. Balbela ma ba ta da wuyar dauka, ita ko a jikinta, amma zalɓe kana motsi ya tashi. Masu kunna waka a gandun daji kuma don Allah ku bari, korar mana su kuke.