Rabaul: Dabarar Yaƙin Da Aka Yaba, Da Waɗanda Suka Ɗanɗana Kuɗarta

Duk wanda ya dubi taswirar tsibirin New Britain na ƙasar Papua New Guinea zai gane dalilin da ya sa manyan ƙasashe suka yi ta ribibin garin Rabaul. Tashar jiragen ruwansa, wadda ake kira Simpson, bakin wani tsohon dutse ne mai aman wuta da ya rufta, teku ta cika shi, shi ya sa take da zurfi, ga tsaunuka sun kare ta daga iska. Jamusawa sun mayar da garin hedikwatar mulkinsu a 1910, Ostareliya ta ƙwace shi a 1914, sannan a ranar 23 ga Janairun 1942, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sojojin Japan suka fatattaki dakarun Ostareliya kimanin 1,400 da ke tsaronsa.

Kafin ƙarshen 1943 Japan ta jibge sojoji kusan 100,000 a wurin, kuma daga can Admiral Yamamoto, babban kwamandan jiragen ruwan yaƙin Japan, ya tashi a jirgin saman da Amurkawa suka harbo a tsibirin Bougainville cikin Afrilun shekarar. Maimakon su afka wa garin ta ƙasa, Amurka da ƙawayenta sai suka kame tsibiran da ke kewaye, suka datse hanyar abinci da makamai, suka yi ta ruwan bama-bamai har Japan ta miƙa wuya a Satumbar 1945.

Masana tarihin yaƙi suna yabon wannan dabara domin ta ceci dubban sojojin ƙawance, kuma ba su yi ƙarya ba. Sai dai a ganina lissafin nasu bai cika ba, domin sojan da aka yanke wa abinci, alhali bindiga na hannunsa, ba shi ne zai fara kwana da yunwa ba. 'Yan ƙabilar Tolai, masu ƙasar, su aka ƙwace wa gonaki aka sa aikin tilas, bama-baman kuma ba su bambance ƙauye da sansani ba. Fursunonin da aka kwaso daga Singafo, Indiyawa da dama a cikinsu, an sa su haƙa ramukan ɓuya masu tsawon ɗaruruwan kilomita a cikin tsaunuka, zazzaɓin cizon sauro da yunwa suna ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

Dutsen ma bai yi shiru ba: a 1994 bakunansa biyu, Tavurvur da Vulcan, suka yi aman da tokarsa ta danne yawancin garin, aka mayar da hedikwatar lardin zuwa garin Kokopo. Ramukan suna nan, masu yawon buɗe ido na shiga kallon kwale-kwalen Japan da suka yi tsatsa, kuma ya kamata hukumomin lardin su riƙa bayyana musu ko su wane ne suka haƙa su.